Tambaya kan buɗe PlayStation 3 domin buga tsofaffin wasannin PlayStation 2

Baban Khalifa, Mabera

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin na'urorin wasa a wannan zaure. Tun ina sakandare nake da PlayStation 2, kuma har yau faya-fayanta na nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, ciki har da Pro Evolution Soccer 6, da God of War, da wasu na tseren mota. Ita na'urar idonta ya mutu tun da daɗewa. Tana kunnuwa, tana nuna hoton farko, amma duk faifan da aka saka mata sai ta yi ta juyi, daga bisani ta ce ba ta iya karanta shi ba.

A watan jiya yayana da ke aiki a Kaduna ya aiko wa yarana PlayStation 3 ta hannu, irin ƙaramar nan da murfinta ke zamewa gefe, kuma lambar da ke jikin takardar bayanta ita ce CECH-4003A. Na yi murna fiye da yaran, domin na ɗauka tunda kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ƙanwa ba za ta ƙi kayan yayarta ba. Da na saka faifan ƙwallon sai ta ce ba ta san shi ba. Wani matashi a unguwarmu ya ce in kawo ya yi mata hakin, wato ya buɗe ta ya zuba mata manhajojin da masu sha'awa ke rubutawa da kansu ba da izinin kamfani ba, kuma ya tabbatar mini cewa bayan haka babu wasan da ba za ta buga ba. Ban ba shi ba tukuna, saboda na'urar kyauta ce daga babban yaya, kuma ba zan so ya zo hutun salla ya tarar da ita a mace ba.

Abin da nake son sani shi ne: shin wannan samfurin yana buɗuwa kuwa? Idan ya buɗu, faya-fayan nawa za su yi aiki kai tsaye, ko akwai wani aikin a gaba? Kuma mene ne haɗarin da ke ciki? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara, Titin Emir Yahaya

Wa alaikumus salam warahmatullah. Baban Khalifa, ka yi daidai da ka tsaya tambaya kafin ka miƙa ta, domin lambar da ka rubuto ta amsa rabin tambayarka.

Bari in fara da dalilin da ya sa ta ƙi faifanka. PlayStation 3 ta farko da ta fito a Japan da Amurka a watan Nuwamba na 2006, mai gigabait 20 da mai 60, tana ɗauke da ainihin ƙwaƙwalwar PlayStation 2 a cikinta, wato Emotion Engine da Graphics Synthesizer, don haka na'ura biyu ce a kwali ɗaya. Wadda aka kai Turai a watan Maris na 2007 an cire mata ta farkon, aka bar ta biyun, manhaja na cike gurbin. Kafin ƙarshen shekarar, da mai gigabait 40 ta fito, an cire duka biyun domin a rage kuɗin ƙira, kuma daga nan ba a sake mayar da su ba. Alamar da muke dubawa a shago mai sauƙi ce: idan ramukan USB huɗu ne a gabanta tana karanta faifan PlayStation 2, idan biyu ne ba ta karantawa. Taka ta fito ne daga 2012, don haka ba ta cikin masu karantawa. Faifan PlayStation ta ɗaya kuwa, wanda ƙasansa baƙi ne ɗin nan, kowace PlayStation 3 na buga na asali ba tare da an taɓa ta ba, matuƙar yankinsu ɗaya.

Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. A 2011 Sony ta fara sayar da wasu tsofaffin wasannin PlayStation 2 ta shagonta na intanet da sunan PS2 Classics, kuma domin su yi aiki, sai da ta saka manhajar kwaikwayo, wato wadda ke kwaikwayon aikin PlayStation 2, a cikin manhajar tushe (babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar) ta kowace PlayStation 3, har da irin taka. Ma'ana, abin da zai buga maka ƙwallon nan yana cikin na'urarka tun daga masana'anta, kamfanin ne ya kulle shi ya ce sai wasan da aka saya daga hannunsa. Manhajojin sa-kai ba su ƙera wani sabon abu a nan ba, ƙofar kawai suke buɗewa.

Hanyoyin buɗewar biyu ne, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Ta farko ita ce a sauya manhajar tushen gaba ɗaya da wadda aka yi wa kwaskwarima, wadda ake kira CFW. Wannan ta samo asali ne daga watan Disamba na 2010, lokacin da wata ƙungiya mai suna fail0verflow ta nuna a wani taro a Balin cewa lambar da ya kamata ta riƙa sauyawa duk sa'ad da Sony ta sa wa manhaja hatiminta, ashe lamba ɗaya ce ake ta maimaitawa, abin da ya sa aka iya lissafo makullin kamfanin. Sony ta toshe wannan a na'urorin da ta ƙera daga baya, saboda haka jerin CECH-3000 da CECH-4000 ba sa karɓar CFW ta hanyar filash da manhaja kaɗai. Duk wanda ya ce zai saka maka ita a wannan samfurin, ka ɗauki kayanka ka tafi. An taɓa kawo mini irin taka bayan wani ya gwada mata hakan a wani shago, fitila na kunnuwa amma allon talabijin baƙi ƙirin, kuma ban iya yi mata komai ba.

Ta biyu ita ce HEN, wadda ta fito a 2019, kuma ita ce ta dace da taka. Ana fara ɗora wata manhajar tushe ta musamman mai lamba daidai da wadda ke kan na'urar, sannan a shiga wani shafi ta burauzar na'urar kanta, a bi ta wata ɓaraka da ke cikinta. Bambancinta da CFW shi ne ba ta zama daram: duk lokacin da ka kashe ka kunna, sai ka danna alamarta kafin ƙofar ta buɗu, kuma wani lokaci takan maƙale sai ka sake kunnawa. Wannan ba lalacewa ba ce, ɗabi'arta ke nan.

Yanzu ga abin da matashin unguwarku bai faɗa maka ba. Ko bayan an buɗe ta, ba za ka saka faifan PlayStation 2 ta buga kai tsaye ba. Sai ka kwafe faifan a kwamfuta mai ramin DVD, ka mayar da kwafin zuwa sigar PS2 Classics da wata ƙaramar manhaja, sannan ka tura shi cikin rumbun ajiyar na'urar na ciki, domin makwaikwayin ba ya buga wasa daga filash. Harafin A da ke ƙarshen lambarka kuwa na nufin gigabait 12 kawai gare ta, alhali faifan DVD ɗaya na iya kaiwa gigabait 4.7, mai hawa biyu irin na God of War ya haura haka. Don haka kafin komai, sai ka sayi rumbun ajiya irin na laftof, mai inci 2.5, tare da ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a ramin. Ka kuma sani cewa filash ɗin da na'urar ke ganewa da kanta sai mai tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, shi ya sa mu a shago muke haɗa ta da kwamfuta ta wayar netwok mu tura manyan.

Haɗarin gaske a garin nan ba daga manhajar yake ba, daga wuta ne. Mintunan da na'urar ke ɗora manhajar tushe su ne mafi hatsari a duk aikin, kuma idan aka ɗauke wuta a daidai lokacin, tana iya mutuwa. Kada a yi shi da wutar layi, kada a yi da janaretan da ba ka san yawan man da ke cikinsa ba. A nemi inbata mai cikakken caji.

Ɗan Gidan Gem, Gawon Nama

Salamu alaikum. Duk abin da Mai Gyara ya faɗa gaskiya ne, amma ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Yallaɓai, tsohuwar na'urarka ba ta mutu ba, idonta ne kawai ya tafi, kuma PlayStation 2 ba ta buƙatar ido kafin ta yi wasa. Shekaru na yi ina kula da gidan gem, kuma yawancin na'urorinmu ba a taɓa saka musu faifai ba. Ana samun memori da aka riga aka zuba wa manhajar Free McBoot, ka soka shi a raminsa, na'urar ta tashi daga kansa, sai ka buɗe Open PS2 Loader ka zaɓi wasa daga jeri. Ba a kwance ko da noti ɗaya, ba a rubuta komai a cikin na'urar, kuma ranar da ka zare memorin ta koma yadda ta fito daga kwali. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, iyakar asarar ita ce wasan da ba a ajiye ba. 'Yan sirara na ƙarshe-ƙarshe ne kawai, wasu daga cikin jerin SCPH-90000, suke ƙin wannan memorin, su ma kuma an yi musu tasu dabarar.

Inda za ka ɗan sha wahala shi ne wurin ajiye wasannin. Ramin USB na PlayStation 2 tsohon yayi ne, USB 1.1, mai tafiyar hawainiya, don haka ƙwallo kan tafi lafiya daga filash, amma wasanni masu yawan bidiyo a tsakani sukan riƙa sarƙewa, murya na gaba hoto na baya. Idan taka babbar ce, akwai mahaɗin da ake ɗaura mata a baya wanda ke karɓar rumbun ajiya, kuma wannan ya fi faifai sauri nesa ba kusa ba. Idan siririya ce, akwai wani ɗan mahaɗi mai suna MX4SIO da ke shiga ramin memori ya karɓi katin SD.

Dalilina na fifita wannan hanya shi ne, makwaikwayin da ke cikin PlayStation 3 an yi shi ne domin ƙididdigaggun wasannin da Sony ta zaɓa ta sayar, ba domin dubban wasannin da aka yi wa PlayStation 2 ba. Wasu na tafiya sumul, wasu sai an haɗa musu da ɗan fayil na gyara, wasu kuma hoto na karyewa ko su tsaya cak a wuri ɗaya komai aka yi. A kan na'urar asali ba ka da wannan fargaba sai nadiran. Ga kuma tsohon memorinka: idan ƙungiyar da ka gina a Master League tana nan a ciki, a kan tsohuwar na'urar za ka ci gaba daga inda ka tsaya. Sannan ga cin wuta, wanda duk mai amfani da sola ya san muhimmancinsa, domin siririyar PlayStation 2 ba ta kusa da ta uku wajen zuƙar batir.

Abu ɗaya zan amince da shi: hoto. Idan ka haɗa PlayStation 2 da babbar talabijin ta bango ta wayar nan mai kai rawaya da fari da ja, 'yan wasan sai su zama kamar an shafa musu man shanu. Ta uku kuwa tana fitar da hoton ta HDMI a tsabtace.

Malama a Runjin Sambo

Assalamu alaikum. Ni ba gwanar gyara ba ce, amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma tunda yara ne za su zauna gaban na'urar, ina ganin ya dace a ambata shi. Abubuwa uku ake cakuɗawa a nan alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne: buɗe na'urar da mutum ya mallaka, da kwafe faifan da ya saya da kuɗinsa, da kuma sauko da wasan da bai taɓa saya ba daga intanet.

Ita manhajar kwaikwayo a karan kanta ta taɓa zuwa gaban kotu. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony, bayan ya yi manhajar da ke buga wasannin PlayStation a kwamfuta. Amma a 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Nintendo Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su kuma rufe aikin, kuma abin da ƙarar ta fi dogara a kai shi ne karya makullin da ke kare wasannin. A nan gida, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ma ta yi magana a kan ƙetare irin waɗannan matakan kariya, don haka mai yin wannan aiki a matsayin sana'a, yana cika wa mutane rumbu da wasanni yana karɓar kuɗi, ya san inda ya tsaya. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa.

Na san za a ce yawancin faya-fayan da muka saya a kasuwa a wancan zamanin su ma kwafi ne, kuma babu inda Konami ke sayar da sabon Pro Evolution Soccer 6 a yau ko da mutum na son biya. Wannan magana ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Amma inda hanyar halas take a buɗe, me zai hana a bi ta? God of War na ɗaya da na biyu an sake fitar da su a faifai ɗaya na PlayStation 3 tun 2009, da hoto mafi kyau, kuma na hannu zai yi aiki a na'urar Baban Khalifa ba tare da an taɓa ta ba. Sai dai wasan na manya ne, cike da jini, ba na su Khalifa ba.

Mai Gyara, Titin Emir Yahaya

Malama ta tuna mini da wani abu. Na'urar da aka buɗe, idan aka shiga da ita dandalin PlayStation Network, Sony na iya rufe asusun, ta kuma haramta wa na'urar kanta shiga har abada, don haka idan akwai asusun yayanka a kai, a cire shi tukuna. Haka kuma kada a bar yara su amsa saƙon sabuntawa, domin har a 2025 kamfanin ya fitar da sabuwar manhajar tushe mai lamba 4.92, kuma kowace sabuntawa na goge aikin sai an sake.

Ga Ɗan Gidan Gem kuwa, ban musa maka ba, sai dai ka manta cewa ba kowa ke da wurin ajiye na'ura biyu a gaban talabijin ɗaya ba. Wanda ya zaɓi ta ukun, ya kula da zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan iska, na'urar na wahala ƙwarai. Manhajar webMAN MOD na nuna zafin ƙwaƙwalwar, tana kuma ba da damar ƙara gudun fanka, amma da zarar an shiga wasan PlayStation 2 ita kanta takan tsaya, fankar ta ci gaba da gudun da aka ƙayyade mata tun farko. Saboda haka a ɗaga wannan adadin kafin a shiga, ko da ƙarar za ta ɗan dami mutum, kuma kada a ajiye ta a kan kafet ko cikin durowar talabijin mai ƙofar gilashi.

Baban Khalifa, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na dawo ne in faɗi inda aka kwana. Na zaro tsohuwar na'urar na duba, ashe babbar ce, SCPH-50003, don haka na bi shawarar Ɗan Gidan Gem na sayi memorin, na kuma kwafe faya-fayan a kwamfutar wani abokin aikina. Huɗu daga ciki sun karce har kwamfutar ta kasa karanta su, amma na ƙwallon ya fita lafiya, kuma ƙungiyata ta Master League na nan yadda na bar ta, da Adriano a gaba. Malama, maganarki ta sa na juya faya-fayan na duba da kyau, kuma gaskiya biyar ne kawai na asali, sauran duk bugun kasuwa ne. God of War kuma na mayar da shi kwali.

PlayStation 3 ɗin ban bari an taɓa ta ba, na bar wa yara da faya-fayan da ta zo da su, aƙalla har yayana ya zo mu yi magana, tunda asusun da ke kai nasa ne. Abin da ya rage mini yanzu shi ne hoton, domin yadda aka siffanta shi haka yake, lambar da ke bayan rigar ɗan wasa ma da ƙyar nake karanta ta. Na ga talabijin ɗina na da ramuka masu launin kore da shuɗi da ja a baya. Mai Gyara, idan wayar da ke shiga waɗannan ramukan tana samuwa a wajenku, ko kuwa ɗan mahaɗin da ke mayar da ita HDMI ya fi, ina son sani kafin Asabar, domin ranar zan shigo kasuwa.